DARASINMU: Hawan Jini, Ciwon Suga Da Yadda Muke Biyan Kuɗin Magani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

'Yan'uwana mata, hawan jini da ciwon suga ba kamar zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Ciwo ne na zama tare, maganinsa kullum ne. To, a nan gizo yake saƙa. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Shi ya sa za ki ga baiwar Allah daga Yakasai ko Mandawari ta je Asibitin Murtala an rubuta mata maganin wata guda, ta sayi na sati ɗaya. Da ta ji sauƙi sai ta ajiye. Alhali hawan jini ba ya sallama. Ƙarshenta sai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, wanda wankinsa ke cinye gida da gona.

Mafita ita ce a biya tun ana lafiya, kaɗan-kaɗan, cikin asusu ɗaya, kamar dai adashe, sai dai mai ɗauka shi ne wanda ciwo ya kama. A shekarar 2016 jihar Kano ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA, sannan a 2022 gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya. A irin wannan tsari akan biya asibiti wani adadi a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Ke nan ribar asibiti tana cikin a riƙa auna ki da wuri, kada ciwon ya kai ga kwanciya.

Wata za ta ce, ya halatta kuwa? Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, waɗanda idan abinci ya yi ƙaranci sukan haɗa abin da ke hannunsu su raba daidai. Da irin wannan malamai da dama ke kafa hujjar taimakekeniya.

Abin yi:

1. Ki shawarci maigida cikin ladabi a yi wa iyali rajista, har da tsofaffin gida.
2. Ki tambayi waɗanne magunguna tsarin ya ɗauke, tun kafin ki biya.
3. Kada ki daina magani sai likita ya ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.