Nasiha ga Masu Barin Kyamro Suna Feƙe Katako

Wata magana ta yaɗu tsakanin samarin maharba, tun daga Bambeye har kasuwar Lahadi ta Tawa, wai babu kibiyar kirki sai ta itacen al'ul irin wadda suke gani a wayoyinsu, har ta kai waɗansu suna tsintar ragowar katako a rumfar kafinta suna feƙewa, suna cewa kyamro na tsofaffi ne. Wannan da'awa ba ta da hujja, kuma illarta a hannun mai baka take sauka.

Haƙiƙa maharban Amurka sun daɗe suna yin kibau da wani al'ul da ke fitowa a gaɓar teku ta jihar Oregon, wajen Port Orford, saboda rashin nauyinsa da miƙewar jijiyarsa; amma su sai sun zaɓi itacen da jijiyarsa ta tafi sak daga kai har gindi, sun busar da shi, sun auna lanƙwasarsa gwargwadon ƙarfin bakan, sa'an nan su liƙa masa gashin tsuntsu. Katakon kafinta kuwa zarto ne ya ratsa shi ta inda ya ga dama, ba tare da la'akari da jijiya ba, don haka ranar da tsarkiya ta buge shi da ƙarfi sai ya tsage a karkace, tsinin ya shige bayan hannun da ke riƙe da baka. Kibiyarmu ta Adar, wadda ba ta da gashi, hikimarta ita ce nauyin ƙarfe a gaba da sauƙin kyamro a baya. Wanda ya ƙara wa bayan nauyi ya rushe wannan mizani, ko da kibiyar ba ta karye ba.

Abin da ya wajaba sananne ne. A yanki kyamro bayan kaka, lokacin da ya ƙosa, a ɗaure shi dami a inuwa, kada rana ta fasa shi; a miƙe shi bisa garwashi sannu a hankali; a naɗe bakinsa da agara kafin a cusa ƙarfen maƙeri; a yi tsagar tsarkiya dab da gaɓa, ita ma a naɗe ta.

Sai dai abin da nake nanatawa, ya ku 'yan'uwa, shi ne kibiyar da ta tsage. Kafin kowane harbi a ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne, in aka ji ta yi ƙara, komai ƙanƙantarta, to a karya ta nan take, a cire ƙarfen a ajiye. Kada a mayar da ita kwari da niyyar gyara, kada a shafe tsagar da ƙaro, kada kuma a ba yaro ya yi wasa da ita, musamman idan tsohuwa ce ta gado, domin dafin kwankwani yakan daɗe a jikin ƙarfe bai mutu ba.