Darasi: John Glenn, Ɗan Sama Jannatin Da Ya Yi Magana Da Kano

'Yan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan wata a kan wani ɗan sama jannati ne. Ɗan sama jannati shi ne mai shiga kumbo ya tafi sararin samaniya, can sama da inda jiragen sama ke bi.

An haifi John Glenn a shekarar 1921 a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa mai gyaran famfo ne, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta. Yana jami'a Yaƙin Duniya Na Biyu ya sa ya bar karatu, ya zama matuƙin jirgin yaƙi. A shekarar 1959 aka zaɓe shi cikin mutum 7 da za a horar don zuwa sama.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, kumbonsa ya tashi. Ya kewaye duniya sau 3 cikin kusan awa 5. Shi ne Ba'amurke na farko da ya yi haka. Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya riga shi tun 1961. Gudun kumbon ya kai kilomita 28,000 a awa ɗaya. Kafin ka ƙirga goma, ya shafe nisan Boɗinga zuwa Shagari.

A lokacin an kafa tashoshi a ƙasashe daban-daban don bin sawun kumbon ta rediyo. Ɗaya daga cikinsu tana Kano. Da Glenn ya iso kan Afirka, ya gaya wa tashar Kano cewa yana hangen ƙura ta tashi. Suka amsa masa cewa kwanakin nan ana ta iska mai ƙarfi. Mun dai san watan Fabrairu lokacin hazo ne.

Tafiyar ba ta rasa haɗari ba. Na'urar da ke saita kumbon ta sami matsala, sai ya ci gaba da tuƙi da hannunsa. Horon da ya sha ya yi masa rana, ya sauka lafiya cikin teku.

A wannan shekarar ce aka ba shi digirinsa, yana ɗan shekara 40 da ɗoriya. A 1974 aka zaɓe shi sanata. A 1998 ya sake komawa sama yana da shekara 77, don likitoci su ga yadda jikin tsoho yake yi a can. Ya rasu a 2016 yana da shekara 95.

To, wanda ke cewa ya tsufa da shiga aji, ya dubi wannan dattijo. Gemu ba ya hana ilimi.

Tambayoyi
1. A wace shekara Glenn ya kewaye duniya?
2. Me ya gaya wa tashar Kano?
3. Shekarunsa nawa da ya sake komawa sama?