Lambar 192kHz a Jikin Kwali: Tana Ƙara wa Sauti Daɗi?

Masu sayen kayan sauti na gida suna yawan kawo mini wannan tambaya. Mai shago ya ajiye musu na'ura biyu, ɗaya an rubuta "upsampling 192kHz" a kwalinta, ta fi tsada, ya ce ita ke mayar da tsohuwar waƙa sabuwa fil. A ƙara kuɗin ko a haƙura?

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar Nyquist da Shannon ta tabbatar cewa wannan awon yana kama duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai rabin adadin ba, wato 22,050. Kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa wajen 20,000, shi ma na yaro; da shekaru suka ja sai ya ragu. Abin da na'urar nan mai "upsampling" ke yi shi ne ta lissafa sababbin awo ta cusa tsakanin na asali, har su kai 96,000 ko 192,000. Lissafi ne daga abin da ke akwai. Mudu ɗaya na gero, ko a gwangwani goma ka karkasa shi, mudu ɗaya ne.

Amma dabarar ba yaudara ba ce, tana da aikinta. Idan ana mayar da lambobi su zama sauti, wasu kaɗawa na banza kan fito sama da 22,050, dole a tace su. Tazarar da ke tsakanin 20,000 da 22,050 ƙanƙanuwa ce, matatar lantarki mai yankewa a wannan ɗan wuri tana da wuyar ƙerawa, kuma takan taɓa siraran sautuka na sama. In an ninka awon, dattin sai ya koma can nesa, matata mai sauƙi ta kwashe shi. Philips ta yi haka tun a na'urarta ta farko, ta ninka sau huɗu zuwa 176,400. Yau kusan duk DAC, wato ɗan guntun da ke wannan juyin, yana ninkawa da kansa a ciki, har wanda ke wayarka. Ke nan abin da ake so ka biya dominsa, kana da shi tuni.

Inda nake ganin mutane suna asara shi ne tushen waƙar. MP3 mai 128kbps da ya bi ta hannu goma kafin ya iso katin memorinka, galibi an riga an datse masa duk abin da ya haura 16,000. Ba na'urar da za ta dawo da shi. Nemi fayil na FLAC, wanda ba ya datse komai, ko faifan asali. Sauran kuɗin ka sa a sifiku masu kyau, ka janye su daga lungu, ka daidaita su da tsayin kunnenka kana zaune, ka shimfiɗa darduma in ɗakin tayil ne.

In na'urarka tana da maɓallin kunna ninkawar, gwada. Ka juya baya, wani ya riƙa kunnawa da kashewa ba tare da ya faɗa maka ba, ƙarar kuma daidai take, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi kunne ke zaɓa. In a kwamfuta kake ninkawa, rage ƙarfin da 3dB tukuna. Waƙoƙin zamani ana cika su har baki, sabon awon kan haura iyaka, sai ka ji ganga tana tsagewa.