Kuɗin Taimako Domin Lafiyar Ƙauye: Ina Ya Ke, Ƙaƙa Kuma A Ke Samunsa?

Darasinmu na wannan wata a kan kuɗin taimako ne, watau kuɗin da gwamnati ko wata ƙungiya ta kan bayar kyauta, ba rance ba, domin a yi aikin da zai amfani jama'a, kamar ɗakin magani, ko rijiya, ko koya wa ungozoma aiki. Mutanenmu da yawa sun ji labarin irin wannan kuɗi, amma ba su san ƙofar da a ke bi ba. Waɗansu suna tsammani sai mai ɗan'uwa a Abuja ya ke samu. Waɗansu kuwa sun ba maƙaryata kuɗinsu, suna jira har yau.

Ya kamata mu duba al'amarin nan a hankali, gama ba ƙaramin abu ba ne. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara ta 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na dukan duniya. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san yadda abin ya kan faru. Naƙuda ta tashi da dare, hanya ta lalace da damina, a ɗakin magani kuwa ba fitila, ba magani, wani lokaci ba ma kowa.

Mu Fara da Na Kusa

Kafin mu rubuta wa baƙi wasiƙa, bari mu tambayi abin da ya ke namu bisa ga doka. A shekara ta 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 na dokar nan ya kafa asusu domin kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikata su ke kira BHCPF a taƙaice. Doka ta ce kowace shekara Gwamnatin Tarayya za ta zuba a ciki abin da bai kasa naira ɗaya cikin kowace ɗari ba daga babban asusun kuɗin shigarta. An yi jinkiri ƙwarai. Sai a kasafin kuɗi na 2018 aka fara ware masa kuɗi, wajen naira biliyan 55.

Ga yadda dokar ta raba shi tun farko. Rabi domin a biya wa mutane kuɗin jinya ta hanyar inshorar lafiya. Kashi 20 cikin 100 domin magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 domin gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 domin ma'aikata, sauran 5 kuwa domin taimakon gaggawa. Jiha da ƙaramar hukuma, wadda kakanninmu suka sani da sunan En'e, su ma an ɗora musu su kawo nasu rabo, kashi 25 cikin 100 na kuɗin aiki.

Abin da ya fi shafarmu shi ne wannan. Nufin shirin tun farko a sami ɗakin magani ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓa, mazaɓun ƙasar nan kuwa sun fi 8,000. Ɗakin maganin da aka zaɓa yana da nasa asusu a banki, kuɗi kuma ya kan shiga can kai tsaye kowane wata uku, ba sai ya bi hannuwa da yawa ba. A shekarun farko abin da a kan aika wajen naira 300,000 ne a wata uku. Ba shi da yawa, ba zai gina asibiti ba. Amma ya isa a gyara rufin da ke yoyo, a sayi magungunan yau da kullum, a kawo ruwa, a zuba mai a babur domin a kai rigakafi ƙauyukan nesa. Har wa yau, ta hannun hukumar inshorar lafiya ta jiha a kan rubuta sunayen matalauta, da mata masu ciki, da yara ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu, domin a duba su ba tare da sun biya ba. Ba kowa a ke rubutawa ba, gama kuɗin bai kai ba.

Wa ke duban kuɗin nan? Ba shugaban ɗakin magani kaɗai ba. Akwai kwamitin raya mazaɓa, mutanen gari ne, maza da mata. Tare da su a ke shirya takardar abin da za a yi a wata ukun, shugaban kwamiti kuma yana cikin masu sa hannu kafin a fitar da kuɗi. To, 'yan'uwa, mu nawa ne muka san sunan shugaban kwamitin mazaɓarmu? A wurare da yawa kwamitin yana nan a takarda kaɗai, ba ya zama, ba wanda ya ke tambayarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Kuɗin nan na ɗakunan maganin gwamnati ne, ba na ekklesiya ba. Duk da haka matanmu a can su ke haihuwa, 'ya'yanmu a can a ke yi musu rigakafi, daidai da na maƙwabtanmu Musulmi. Ya kamata mu shiga kwamitin tare da su, mu zauna, mu yi tambaya da ladabi.

Masu Bayarwa Suna Duban Shiri

Akwai waɗansu ƙofofi kuma. Daga 2009 zuwa 2021 an yi wani shiri a jihohi da yawa da kuɗin Bankin Duniya, sunansa CSDP. Ya ƙare yanzu, amma hanyarsa abin koyo ce. Mutanen ƙauye su ne su kan taru su zaɓi abin da su ke bukata, ko rijiyar burtsatse, ko aji, ko ɗakin magani. Su zaɓi kwamitinsu, su buɗe asusu, kana su kawo nasu rabo, wanda a farkon shirin kashi 10 ne cikin 100. Ba lalle kuɗi ba, an karɓi yashi da dutse da aikin gayya. Ƙauyen da bai iya taruwa ya yi wannan ba, an wuce shi.

Ofisoshin jakadun waɗansu ƙasashe su ma suna da ƙananan taimako. Ƙasar Japan ta fara nata a 1989, tana bayarwa ta ofishin jakadanta domin gina ƙananan asibitoci da makarantu da aikin ruwa. Ba a ba mutum ɗaya. Sai ƙungiya mai rajista, ko ƙaramar hukuma, ko asibiti, ko makaranta. Za su so su ga lissafin kuɗin ƙungiyar na shekarun baya, da takardar fili, da farashi daga wurin 'yan kwangila dabam dabam. Ba su kan biya albashi ko kuɗin tafiyar da aiki na kullum ba. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Idan za mu rubuta takardar roƙo, kada mu cika ta da kuka. Masu karantawa sun ga ɗaruruwa irinta, kowace tana cewa mu matalauta ne, mun sha wahala. Abin da su ke nema ƙidaya ce. Gida nawa ne a ƙauyen? Kilomita nawa zuwa asibiti mafi kusa, awa nawa kuma da damina? Mata nawa suka haihu bara, nawa a gida? Wannan ba ya bukatar mai digiri. Malamin makaranta da shugabar zumuntar mata suna iya zaga gari da littafi da fensir su gama cikin mako biyu. Mu roƙi abu ɗaya da za mu iya gamawa, mu faɗi abin da mu za mu kawo, mu faɗi kuma wanda zai lura da shi bayan an gama. Kada mu ƙara ko mutum ɗaya a kan ƙidaya domin a ji tausayinmu. Su kan zo su duba da idonsu, ƙauyen da aka kama da ƙarya kuwa ya rufe wa kansa ƙofa, har da maƙwabtansa.

Wata magana a gefe. In wani ya zo, ko ya aiko saƙo ta waya, ya ce a biya kuɗin fom ko kuɗin rajista za a saki miliyoyi, kada a ba shi ko sisi. Masu taimako na gaskiya ba su sayar da takardar roƙo. A tafi ofishin da kansa a tambaya.

Ranar da Taimako Ya Ƙare

Kowane taimako yana da ranar ƙarewa. A watan Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da ta ke ba ƙasashen waje, a watan Yuli kuma aka rufe hukumarta ta USAID, wadda ta yi aiki tun 1961. A arewa maso gabashin Nijeriya waɗansu wuraren jinyar yara masu tamowa suka rage aiki, waɗansu suka rufe. Ba wanda ya tambayi iyayen yaran tukuna. Ko ba a yi irin wannan ba, mun ga rijiyoyin burtsatse da yawa a tsaye, an kashe miliyoyi wajen haƙa su, sun mutu saboda ƙaramin ƙarfe da ba wanda ya tanadi kuɗin sayensa. Mun ga ɗakin magani mai sabon fenti, awaki suna kwana a barandarsa, domin ba a yi shawarar albashin mai aiki ba.

Saboda haka ya kamata mu tuna da abin da aka yi a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu. A 1974 Ekklesiyar 'Yan'uwa ta fara aikin lafiya na ƙauyuka a can. Ba a fara da gini ba. Ƙauye ya kan kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, a kai su Garkida su yi wajen wata uku suna koyo, sa'an nan su komo gida su yi aiki, ƙauyen kuma shi ke ɗaukar nauyinsu. Da labaru a ke koya musu, su ma da labaru su ke koya wa jama'a zancen ruwa mai tsabta da sauro da abincin yara. Taimako daga waje ya shiga, amma aikin na ƙauye ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, babban birnin Mali, suka yarda da wata dabara. A ba ɗakin magani jarin magunguna sau ɗaya, a sayar da araha, a sake sayowa da kuɗin, jari ya yi ta juyawa. Dabarar tana da kyau, amma muna ganin tana da rami biyu. Matalauci na ainihi ba ya iya biya ko kaɗan ne, sai kwamiti ya keɓe masa wani abu. Jari kuma ya kan narke in ana ba dangi bashi, ko in farashi ya hau ba a gyara lissafi ba.

Maganin wannan littafi ne. Mai riƙe kuɗi dabam, mai rubutawa dabam, kada su fito gida ɗaya. Kowane abin da aka saya a karɓi rasit a manna. Kowane wata uku a karanta lissafi da ƙarfi a gaban jama'a, a ƙofar mai unguwa ko dagaci, da harshen da tsohuwa za ta ji. Wanda ya ke riƙon amana ba zai ji haushin wannan ba, gama yana tsare sunansa ne daga zargi.

Kafin fitowar wata mai zuwa, bari kowace ekklesiya ta ƙauye ta aiki mutum biyu, namiji da mace, su gai da shugaban ɗakin maganin mazaɓarsu. Su tambaye shi ko ɗakin yana cikin waɗanda a ke aika wa kuɗin asusun nan, yaushe kuɗi ya shigo na ƙarshe, su wane ne 'yan kwamiti, wace rana kuma su ke zama. In ya ce ɗakin ba ya ciki, su wuce sakatariyar ƙaramar hukuma, ofishin mai kula da lafiya a matakin farko, su tambayi wane ɗaki aka zaɓa a mazaɓar. Su rubuta amsar da kwanan wata a littafin kwamiti.