Bindiga mai baki biyu samfurin gargajiya: shin za ta iya ɗaukar harsashin ƙarfe?

A wannan darasi za mu duba tambayar da ke damun maharba a Amurka da Turai: wanda ya mallaki bindiga mai baki biyu da aka ƙera bisa kwaikwayon tsohon samfuri, zai iya harba harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe da ita ba tare da ta lalace ba? Amsar tana ga hatimin da ke jikin bindigar da faɗin bakinta. Kasancewarta sabuwa bai isa hujja ba.

Me ya kawo harsashin ƙarfe?

Agwagi da dinya suna haɗiye ƙwayoyin darma da suka zube a fadama, gubar ta kashe su. Saboda haka Amurka ta haramta farautar tsuntsayen ruwa da darma a duk faɗin ƙasar a 1991, Denmak ta hana harsashin darma gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana shi a fadamu daga Fabrairun 2023. Ƙarfe ne madadi mafi araha, shi ya sa ya mamaye kasuwa.

Inda matsalar take

Yawancin bindigogin nan an ɗan tsuke bututunsu daf da baki domin ƙwayoyi su fita a dunƙule. Wannan tsukewar ake kira cok. Darma tana da laushi, idan ta iso wurin sai ta lotsa ta wuce. Ƙarfe kuwa ba ya lotsawa, sai dai bututun ya ba shi hanya. Idan tsukewar ta yi yawa ko ƙwayoyin suka yi girma, bututun kan kumbura kamar zobe a bayan cok ɗin.

A bindiga mai baki ɗaya, kumburin kan tsaya a matsayin muni kawai. A mai baki biyu abin ya fi haka. Bututunta sirara ne domin rage nauyi, kuma an manne su da juna da wasu siraran ƙarafa ta hanyar liƙin kuza da darma. Kumburi a ɗayansu na iya ɓalle liƙin, ya karkatar da saiti, ya kuma zubar da darajar bindigar.

Akwai kuma batun nauyi. Darma tana da giram 11.3 a kowace santimita kubik, ƙarfe kuwa kimanin 7.8. Don cike giɓin, maharba kan ƙara girman ƙwaya da mataki biyu, kamfanoni kuma su ƙara gudu. Duka biyun ƙarin wahala ne ga bututu.

Me ya sa kwaikwayo ya bambanta?

Ɗauki misalin Parker. Asalin bindigar a Meriden ta jihar Connecticut aka riƙa ƙera ta tun ƙarni na 19. A shekarun 1980 masana'antar Olin-Kodensha ta Japan ta sake ƙera ta da ƙarfen zamani, amma bisa tsohon fasali, har da siraran bututu da cok na dindindin da aka tsara domin darma. Shi ya sa aka fitar da wani samfuri daban mai suna Steel Shot Special domin masu farautar agwagi. Wato ingancin ƙarfe abu ɗaya ne, fasalin bututu kuma wani abu ne daban.

Bindigogin da ake ɗurawa ta baki kamar adaka, irin waɗanda kamfanin Pedersoli na Italiya ke ƙerawa, suna da tasu matsalar. Harsashin zamani yana da kofin roba mai kauri da ke raba ƙarfe da bangon bututu. A ɗurin gargajiya babu wannan kofi, don haka ƙwayoyin na iya karce cikin bututun.

Yadda ake karanta hatimi

Ƙasashen da ke cikin hukumar CIP, kamar Birtaniya, Italiya, Beljiyam da Sifaniya, suna gwada kowace bindiga kafin a sayar. Hukumar ta kasa harsashin ƙarfe kashi biyu:

Na yau da kullum: a bindiga mai lamba 12, ƙwaya ba ta wuce milimita 3.25, matsin kuma ba ya wuce ba 740. Bindigar da aka gwada da albarushin zamani, kuma take da lafiya, za ta iya ɗaukarsa.

Mai ƙarfi: matsinsa na iya kai wa ba 1,050. Wannan sai bindiga mai hatimin fure mai ganye uku, wanda ake samu a ƙarƙashin bututu idan an kwance shi.

Amurka ba ta cikin CIP, don haka bindigar da aka ƙera domin kasuwarta tana iya zuwa babu hatimin. A nan littafin kamfani ne madogara.

Abin yi kafin harbi

1. Kwance bututu ka karanta hatimi da tsawon ɗakin harsashi. Kada ka sa harsashi mai milimita 76 a ɗaki mai 70.
2. Kai wa ƙwararren maƙerin bindiga ya auna cok da kaurin bango. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada tsukewa ta wuce rabi, wato kusan milimita 0.5. Ba asara a nan, domin ƙarfe ya fi darma fita a dunƙule.
3. Idan bindigar na da cok na ɗaurawa, duba ko an rubuta a jikinsa cewa ya dace da ƙarfe.
4. Idan cok ya tsuke da yawa, maƙeri na iya buɗe shi, amma hakan kan rage farashin bindigar a wajen masu tara kayan tarihi.

Ga wanda ba ya son taɓa bindigarsa, akwai harsashin bismut. Nauyinsa kimanin giram 9.6 ne, yana da laushi kusa da darma, kuma dokar Amurka ta amince da shi a farautar tsuntsayen ruwa. Ya fi ƙarfe tsada sosai, amma kuɗin kwali kaɗan a shekara bai kai na gyaran bututu biyu da suka rabu ba.