Taswirar Kwamfuta da Hadarin Gabas

Da damina ta kama, mai wannan rubutu, wanda hasashen yanayi ne aikinsa, yakan sha tambaya daga matasan da sha'awar hadari ta shiga ransu. Sun sauke manhajar Windy a waya, sun ga jan tabo zaune a kan garinsu ranar Asabar mai zuwa, sai su ce: "Malam, ƙarfe nawa zai sauka?" Sha'awarsu abin farin ciki ce, kuma ana buƙatar irinsu da yawa. Sai dai kafin a amsa, dole su san abin da suke kallo.

Launukan nan lissafi ne. Kwamfuta tana yanka sararin samaniya gida-gida, a ba ta awon zafi, danshi da iska daga taurarin ɗan'adam, balan-balan, jiragen sama da tashoshin ƙasa, ita kuma ta lissafa yadda kowane gida zai sauya. Tsarin GFS na Amurka yana wannan aiki sau huɗu a rana, yana hango har kwana 16, kowane gida nasa kimanin kilomita 13. Na cibiyar Turai, ECMWF, mai hedkwata a Reading ta Ingila, gidajensa kimanin kilomita 9 ne.

Biyun sukan saɓa. A Oktoban 2012, kusan mako guda kafin guguwar Sandy ta afka wa jihar New Jersey ranar 29 ga watan, tsarin Turai ya nuna za ta karkato ta bugi gaɓar Amurka, yayin da GFS ke tura ta cikin teku. Wanda ya rungumi taswira ɗaya a makon nan, sa'a ce kawai za ta fisshe shi. Shi ya sa ma'aikata ke duba tarin hasashe: ECMWF na maimaita lissafin sau 51, ana ɗan taɓa awon farko kowane karo. In yawancinsu sun yi baki ɗaya, hankali ya kwanta. In sun watse, a dakata.

A yankin Sahel kuwa lamarin ya fi wuya, kuma nan ne mai koyo ya fi yaudaruwa. Mafi yawan ruwan da ke sauka a Kano, Maradi ko Zinder daga manyan jerin hadari yake zuwa. Sukan haɗu da la'asar, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos ko duwatsun Azbin, su yi yamma da gudu, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya, su isa wani garin cikin dare. Manomi ya daɗe da sanin gabas ake kallo. To, gajimaren da ke haifar da su ya yi wa gidajen kwamfuta ƙanƙanta, kamar ƙaramin kifi ga koma mai manyan idanu. Dole kwamfutar ta yi kirdado, kuma kirdadon yakan ba da yayyafi ko'ina da rana tsaka, alhali abin da zai zo ruwa ne mai ƙarfi a wuri ɗaya da dare. Ga kuma ƙarancin tashoshin da ke sakin balan-balan a Afirka, wanda ke raunana awon farko tun daga tushe.

Don haka mai koyo ya rage dogaro da taswirar ruwa, ya koma ga kayan haɗin hadarin. Akwai danshi a ƙasa? Iskar kudu maso yamma ta shigo sosai? Ma'aunin CAPE, wanda ke nuna ƙarfin da iska ke da shi na hawa sama, ya haura 2,000? Ko ya haura, busasshiyar iska mai ɗumi a sama tana iya danne shi a wuni ba ɗigo. Sannan ya duba iskar gabas mai ƙarfi da ke kimanin kilomita 3 zuwa 4 a sama, domin ita ke jera hadari ta kora shi. A ranar kanta, hoton tauraron Meteosat, da ke sabuntawa cikin mintuna kaɗan, ya fi kowace taswira faɗin gaskiya.

A kula da agogo: yawancin taswirori da lokacin UTC suke, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya.

Mai wannan rubutu yakan nace wa masu koyo su ajiye littafi da ma'aunin ruwa a tsakar gida, su rubuta abin da kowane tsari ya ce da abin da ya faru, damina guda cur. Yana kuma roƙonsu kada su yaɗa hoton hasashen kwana goma a WhatsApp da sunan gargaɗi, domin wani zai iya yin shuka ko ya fasa tafiya a kansa. Gargaɗin ruwa mai ƙarfi da iska aikin hukumar NiMet ne a Najeriya, da hukumar yanayi ta ƙasa a Nijar.