Darasin Kiwon Lafiya: Mai Jegon Da Nononta Ya Ƙi Kawo Ruwa

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowane mutum, can ta bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Likitoci suna kiranta fituwitari. Aikinta shi ne zuba waɗansu sinadarai a cikin jini, masu suna homon. Su ne 'yan aike masu kai umarni ga sassan jiki. Wani yana sa mace ta ga al'ada. Wani yana sa nono ya kawo ruwa. Wani kuma yana sa yaro ya girma. Idan na girman ya yi yawa, tsawo sai ya wuce kima. Haka ya faru da wani Ba'amurke, Robert Wadlow, wanda ya kai mita 2.72 kafin ya rasu a 1940.

Amma abin da ya fi shafar mu a karkara shi ne haihuwa.

Idan mace tana da ciki, wannan tsoka takan ƙara girma, ta buƙaci jini fiye da da. To, in mace ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, jinin da zai isa wurin sai ya yi kaɗan. Wani sashe na tsokar yakan mutu. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Sheehan ne ya bayyana wannan ciwo a 1937, shi ya sa ake kiransa da sunansa.

Alamar farko ita ce nono ya ƙi kawo ruwa, ko an sha kunun kanwa. Daga baya al'ada ba ta dawowa, har bayan yaye. Gashin hamata da na mara ya zube. Mace ta riƙa jin sanyi da kasala, ko tulu ba ta iya ɗauka. Wani lokaci sai an yi shekaru kafin alamun su fito sosai.

A nan ne mutane sukan yi kuskure. Wasu su ce ragwanci ne, wasu su ce sammu ne ko iska. Ba haka ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani. A babban asibiti za a auna jininta, a ba ta ƙwayoyin da za su maye gurbin sinadaran da jikinta ya rasa. Yawanci za ta riƙa shan su har iyakar rayuwarta. Kada ta daina don ta ji sauƙi. In an bar ta haka nan, zazzaɓi ma yana iya sa ta suma, har ta rasa rai.

Maigida, ka bar iyalinka ta je awo, ta kuma haihu a asibiti. Ungozoma, in kin ga jini ya ƙi tsayawa, kada ki jira gari ya waye. A nemi mota nan take. Wadda kuma ta je ganin likita, ta gaya masa cewa ta taɓa zubar da jini a wata haihuwa, ko da an daɗe.